Musayar Juan Soto da ribar da ake ta gardama a kanta

Baban_Amira: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni mutumin ƙwallon ƙafa ne, bara na fara bibiyar besbol saboda ƙanena da ke karatu a Amurka, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Juan Soto bai kai shekara talatin ba, kowa ya yarda yana cikin gwanayen bugu na wannan zamani, amma cikin shekaru uku ya sa rigar ƙungiyoyi huɗu: Washington Nationals, San Diego Padres, New York Yankees, sai New York Mets. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne Nationals da Padres ba kuɗi suka karɓa ba, wasu 'yan wasa aka ba su, yawancinsu yaran da ko sunansu ba a sani ba. Me zai sa ƙungiya mai hankali ta sallama gwarzonta ta karɓi yara? Kuma a cikin ƙungiyoyin nan huɗu, wacce ta ci riba?

Malam_Na_Queens: Wa alaikumus salam, Baban Amira. Tambayarka ta farko tana da amsa, ta biyun kuwa har gobe ana gardama a kanta. A besbol ɗan wasa yana ƙarƙashin ikon ƙungiyarsa har sai ya cika shekaru 6 yana buga babban lig, wato MLB, gasar besbol mafi girma a Amurka. A shekaru ukun farko kusan mafi ƙarancin albashi ake ba shi, wanda a kakar 2025 ya kasance dala 760,000, sannan a ukun da suka biyo baya yana da damar kai maganar albashinsa gaban masu sasanci idan ba su daidaita da ƙungiya ba. Da zarar shekara shida ta cika sai ya zama mai 'yancin kansa, ya tafi duk inda aka fi taya shi, ƙungiyar da ta rene shi kuma ba za ta ga ko sisi daga hannun wadda ta ɗauke shi ba. A 2022 Nationals sun yi wa Soto tayin dala miliyan 440 na shekaru 15, ya ƙi. Daga ranar suka san cewa a ƙarshen 2024 zai tafi, saboda haka suka ga gara su rabu da shi tun yana da sauran kaka biyu da rabi a hannunsu, lokacin da darajarsa ta fi tsada.

Baban_Amira: Na gode, Malam. Ke nan ba shekarunsa ko bajintarsa kaɗai ake duba wa ba, har da yawan kakar da ta rage kafin ya kuɓuce.

Malam_Na_Queens: Haka yake. Abin da ake ciniki a kai shi ne shekarun da suka rage, shi ya sa yaro mai shekara 20 da bai taɓa buga babban lig ba yake iya zama kadara mai tsada, domin shekarunsa shida suna nan cif ba a taɓa ko ɗaya ba.

Hajiya_Nats: Ni magoyiyar bayan Nationals ce, ina zaune a Maryland, kuma ina roƙon a bar ni in faɗi nawa kafin masu lissafi su cika wurin. Na ga yaron nan a 2019, ya cika shekara 21 ana tsakiyar World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na cin kofi, muka doke Houston muka ɗauki kofi na farko a tarihin ƙungiyar. Ranar da aka sanar da tafiyarsa San Diego a watan Agustan 2022, ɗana ya ninke rigarsa mai lamba 22 ya tura can ƙasan akwati, bai sake sa ta ba. An kawo mana CJ Abrams, MacKenzie Gore, James Wood, Robert Hassell, Jarlin Susana da Luke Voit, mu kuma muka haɗa musu da Josh Bell. Ba zan yi ƙarya ba, yaran sun yi kyau: Abrams ya shiga wasan taurari na tsakiyar kaka a 2024, Wood da Gore suka shiga a 2025. Amma a 2025 ɗin wasa 66 kawai muka ci cikin 162, muka ƙare a ƙasan rukuni, kuma a watan Yuli aka sallami kociya Dave Martinez tare da babban manaja Mike Rizzo, mutumin da ya ƙulla musayar da hannunsa. Idan ana cewa mun ci riba, ina so a nuna mini inda ribar take, domin ni dai ban gan ta a teburi ba.

Sadauki77: Hajiya, da Soto ya zauna ma ba za ku ci kofi ba. A 2021 yana nan daram kuka ƙare a ƙasan rukuni. Mutum ɗaya ba ya ɗaukar ƙungiyar besbol a kafaɗarsa, tunda sau huɗu ko biyar kawai yake zuwa bugu a wasa guda, sauran lokacin kallo yake yi kamar ni da ke.

Hajiya_Nats: Gaskiyarka ne, Sadauki, amma a lokacin ko an doke mu akwai abin da za mu je kallo.

Ɗan_Zango_Bronx: Ni daga zangon Kumasi nake, ina tuƙin tasi a New York, gidana bai fi tashar jirgi uku ba daga filin Yankees da ke kan titi na 161. A ganina Yankees ne suka yi wauta mafi girma. A Disambar 2023 sun ba Padres mutum biyar, wato Michael King, Drew Thorpe, Jhony Brito, Randy Vásquez da Kyle Higashioka, domin su karɓi Soto da Trent Grisham, alhali kowa ya san kaka ɗaya tak ta rage masa. Ya buga kakar, ya tattara nasa ya nasa ya tsallaka unguwar Queens wajen maƙwabtanmu Mets. Ranar da ya dawo Bronx da rigar Mets a watan Mayun 2025 ina ajiye fasinja a bakin filin, ihun da ake yi masa har cikin mota nake ji, daga baya na ga a talabijin mutanen da ke zaune a bayansa sun juya masa ƙeya gaba ɗaya, shi kuwa ya cire hular kwanonsa ya ɗaga musu yana murmushi. Wannan shi ne a yi kiwon akuya ta koma gidan maƙwabci tana ci maka danga.

Malam_Na_Queens: Ɗan Zango, zafin rabuwa ne yake magana a bakinka, amma a yi adalci. A kakar nan guda Soto ya buga ƙwallo ta tsallake katangar fili, abin da ake kira homran, har sau 41, kuma shi ne ya buga wanda ya kashe wasa na biyar da Cleveland a zagaye na goma, bayan an ƙare zagaye tara na ƙa'ida ana kunnen doki, wanda ya kai Yankees World Series karo na farko tun 2009. Shekara 15 kuna jira. Idan an ce maka tun farko ka ba da masu jifa huɗu da mai kamu ɗaya ka isa wasan ƙarshe, na tabbata ba za ka tsaya shawara ba. Ban da haka Yankees ba su bar shi ya tafi a banza ba, sun taya dala miliyan 760 na shekaru 16, sai Steve Cohen mai Mets ya ba da miliyan 765 na shekaru 15.

Ɗan_Zango_Bronx: Mun isa wasan ƙarshe, Los Angeles Dodgers kuma suka lallasa mu huɗu da ɗaya. Malam, kai ɗan Mets ne, dole ka kare cinikin da ya ƙare a gidanku.

Malam_Na_Queens: Ai mu ma ba mu tsira ba. Soto ya yi nasa a 2025, homran 43 da satar sansani 38, wato rugawa zuwa sansani na gaba ba tare da jiran a buga ƙwallo ba, amma muka ci wasa 83 kacal, aka fitar da mu daga jerin masu zuwa zagayen kofi a ranar ƙarshe ta kaka. Ku kuwa da kuka rasa shi kun ɗauki Max Fried a kan dala miliyan 218, kun karɓo Cody Bellinger daga Cubs, kuka ci wasa 94, daidai adadin da kuka ci yana tare da ku. Wannan ma ya ƙarfafa maganar Sadauki.

Injiniya_Maradi: Ina ganin an manta da San Diego, alhali su ne suka sayi Soto kuma suka sayar da shi, saboda haka a wajensu ake iya ganin lissafin gaba da baya. Sun biya da tsada a 2022, amma a shekarar sun fitar da Dodgers da suka ci wasa 111, suka kai matakin kusa da na ƙarshe kafin Philadelphia ta tsayar da su. A 2023 abin ya watse, wasa 82 suka ci duk da tarin taurari, mai ƙungiyar Peter Seidler ya rasu a Nuwamba, aka shiga rage kashe kuɗi. Sai suka miƙa Soto ga Yankees, King ya zama ɗaya daga manyan masu jifansu, Thorpe kuma ko zama bai yi ba suka haɗa shi da wasu suka karɓo Dylan Cease daga Chicago White Sox a Maris 2024. Da Soto sun ci 82, babu shi sun ci 93. A wajena wannan shi ne aikin ɗan kasuwa na gaske, wanda ya san lokacin da zai fitar da kaya kafin kasuwa ta tashi.

Sadauki77: Injiniya, ɗan kasuwar naka ya ba da James Wood, yaron da yake da sauran shekaru masu yawa a hannun Washington kan albashi kaɗan. Nan da shekara uku idan aka sake wannan muhawara ba na jin za ka maimaita wannan yabo.

Ummu_Khalil: Ina da tambaya a gefe, a yi mini afuwa. Shin ana tambayar ɗan wasan kafin a yi musayarsa? A ƙwallon ƙafa ai sai ya amince da albashi da komai kafin ya koma wata ƙungiya.

Alhaji_Tarihi: Malama Ummu Khalil, galibi ba a tambayarsa. Kwantiraginsa ne yake komawa hannun sabuwar ƙungiya yadda yake, shi kuma a kira shi a waya a ce ya haɗa jaka, wani lokaci ma yana cikin fili ake janye shi. Mutum biyu ne ke da bakin magana: wanda ya sa sharaɗin hana musaya a kwantiraginsa, da wanda ya shekara 10 a babban lig, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya. Wannan ma sai da aka sha gwagwarmaya. A 1969 St. Louis Cardinals suka miƙa Curt Flood ga Philadelphia, ya ce shi ba haja ba ne da za a saya a sayar, ya ƙi zuwa, ya kai ƙara har kotun ƙolin Amurka. A 1972 kotu ta yanke hukunci ba a gefensa ba, wasansa kuma ya riga ya mutu. Amma a ƙarshen 1975 mai sasanci Peter Seitz ya 'yanta masu jifa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, daga nan aka kafa tsarin shekaru shidan da Malam na Queens ya bayyana. Kafin wannan lokaci ƙungiya tana riƙe ɗan wasa har ya tsufa, ko ta sayar da shi da tsabar kuɗi, kamar yadda Boston ta sayar da Babe Ruth ga Yankees a kan dala 100,000 a ƙarshen 1919, ta kuma zauna ba kofi har 2004. Duk miliyoyin da Soto yake ƙirgawa yau, Flood ne ya fara share masa hanya, kuma shi bai ci moriyar ko kwabo ba.

Ummu_Khalil: Allah ya saka da alheri, Alhaji. Ashe abin yana da dogon tarihi.

Kano_Dodger: Duk wannan lissafi na yara da shekaru, masu ƙaramin aljihu ne suke wahala da shi. Dodgers sun sayi Mookie Betts, sun sayi Shohei Ohtani, sun sayi Yoshinobu Yamamoto, ga kofi biyu a jere, 2024 da 2025. Ni a Kano na kalli wasa na bakwai na World Series ɗin 2025 da Toronto, an fara wajen ƙarfe ɗayan dare, na zauna a tsakar gida da waya da abin caji, sauro na cizo ban ko kula ba. Saura Toronto su fitar da mutum biyu su ɗauki kofi sai Miguel Rojas ya farke, Will Smith ya buga na nasara a zagaye na 11, Yamamoto da ya yi jifa 96 a daren da ya gabata ya dawo ya rufe wasan. Ana kiraye-kirayen sallar asuba aka tashi. Wanda yake son kofi ya buɗe jaka kawai.

Alhaji_Tarihi: Ɗana, gyara kaɗan. Ba sayen Betts aka yi ba, musaya ce irin ta Soto sak. A Fabrairun 2020 Boston ta ga saura masa kaka ɗaya, ba ta son biyan abin da zai nema, sai ta haɗa shi da David Price ta karɓi Alex Verdugo, Jeter Downs da Connor Wong. Bambancin kawai shi ne Dodgers ba su bari ya kai kasuwa ba, a watan Yuli suka ɗaure shi da dala miliyan 365 na shekaru 12. Tun daga nan ya ci kofi uku da su, kuma shi ne ya kama ƙwallon ƙarshe a wasan da ka kalla, ya taka sansani na biyu ya jefa wa Freddie Freeman a sansani na ɗaya. Wani abin dariya kuma, Verdugon da aka ba Boston a madadinsa ya koma Yankees daga baya, kuma shi ne mutum na ƙarshe da Dodgers suka fitar suka ɗaga kofin 2024. Idan Baban Amira yana neman misalin ƙungiyar da ta sallama gwarzo ta yi da-na-sani, to ga shi nan.

Kano_Dodger: Na karɓi gyara, ranka ya daɗe. Amma ai kuɗin ne ya sa suka iya riƙe shi.

Injiniya_Maradi: Tunda an kawo Ohtani, shi ne misalin kishiyar abin da Nationals suka yi. A Yulin 2023 Los Angeles Angels sun san kwantiraginsa zai ƙare bayan watanni kaɗan, kowa ya ce su musanya shi su kwashi yara, suka ƙi, har suka ƙara ba da nasu yaran suka ɗauko Lucas Giolito domin su gwada sa'a. Watan Agusta ya zo suka zube, suka ƙare da nasara 73, Ohtani ya tsallaka zuwa Dodgers a Disamba, abin da suka samu a madadinsa shi ne damar zaɓen matashi guda ɗaya a rabon sababbin 'yan wasa. Hajiya, da za a ba ki zaɓi tsakanin halin da kuke ciki da na Angels, wanne za ki ɗauka?

Hajiya_Nats: Injiniya, tambayar ba ta da daɗi, amma zan ɗauki namu. Sai dai akwai zaɓi na uku da ba ka ambata ba, wato masu ƙungiya su biya yaron abin da ya cancanta. Ba talakawa ba ne.

Ummu_Khalil: Na ji ana cewa Ohtani dala miliyan 2 kawai yake karɓa a shekara. Yaya haka ta kasance ga wanda aka ce kwantiraginsa miliyan 700 ne?

Malam_Na_Queens: Gaskiya ne. Kwantiragin na shekaru 10 ne, amma an jinkirta biyan miliyan 680 daga ciki, za a riƙa ba shi miliyan 68 duk shekara daga 2034 zuwa 2043, kuma babu kuɗin ruwa a kai. Amfanin hakan ga Dodgers yana wajen harajin da lig ke ɗora wa duk ƙungiyar da albashinta ya wuce wata iyaka, wadda a 2025 ta kasance dala miliyan 241. Tunda kuɗin da za a biya bayan shekara goma bai kai darajar na yau ba, ana lissafa musu Ohtani a kan kimanin miliyan 46 a shekara maimakon 70. Ragowar sarari shi ya taimaka suka ba Yamamoto miliyan 325 na shekaru 12 a watan nan guda, ban da fiye da miliyan 50 da suka biya ƙungiyarsa ta Japan, Orix Buffaloes, wanda shi ne wuri ɗaya da tsarin besbol ya yi kama da kuɗin sayen ɗan wasa na ƙwallon ƙafa. Na Soto kuwa babu jinkiri ko kaɗan, shi ya sa a zahiri tazarar da ke tsakanin kwantiragin biyu ta fi miliyan 65 da ido yake gani.

Ɗan_Zango_Bronx: Malam, ka ba su labarin Bobby Bonilla mana, tunda ku ne iyayen gidan biyan bashi a jinkirce.

Malam_Na_Queens: Ɗan Zango ba ya barin tsokana. Mets sun sallami Bonilla yana bin su dala miliyan 5.9, aka daidaita a jinkirta da ruwa, yanzu duk ranar 1 ga Yuli suna ba shi kimanin miliyan 1.19, tun 2011 har zuwa 2035, shi kuwa ya daina wasa tun 2001. Shi ya sa na ce wa Kano Dodger buɗe jaka kaɗai ba ya kawo kofi. A 2023 mu ne muka fi kowa kashe kuɗi a tarihin lig zuwa lokacin, amma a ƙarshen Yuli da farkon Agusta muka rabu da Max Scherzer da Justin Verlander, muka ƙare da nasara 75.

Sadauki77: Kuma a 2025 Milwaukee Brewers, waɗanda kusan kowace shekara suke sallama wani tauraro kafin ya kuɓuce, su ne suka fi kowa cin wasa, 97.

Kano_Dodger: Sannan suka haɗu da Dodgers a matakin kusa da na ƙarshe aka share su huɗu da nema. Sadauki, a riƙa ƙarasa labari.

Alhaji_Tarihi: Wannan gardama taku ita ce masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa za su zauna a kanta, domin an tsayar da ranar 1 ga Disambar 2026 a matsayin ƙarshen wa'adin yarjejeniyar da suka ƙulla, kuma wasu masu ƙungiyoyi suna son a sa wa albashi rufi kamar yadda ake yi a ƙwallon kwando. 'Yan wasa ba su taɓa yarda da haka ba. A 1994 a kan wannan batu aka yi yajin aikin da ya sa ba a buga World Series ba a shekarar. Idan aka taɓa shekaru shidan nan, aka rage ko aka ƙara, duk lissafin da aka yi a kan Soto zai canza ga waɗanda za su biyo bayansa.

Baban_Amira: Na ƙaru ƙwarai. Amma bari in dawo da mu kan tambayata, domin na lura cikin ƙungiyoyi huɗun babu wadda ta ɗauki kofi tun da aka fara yawo da Soto har zuwa ƙarshen kakar 2025. Nationals sun sami yara ba su sami nasara ba, Padres sun kai kusa sau ɗaya, Yankees sun kai ƙofa aka mayar da su, Mets sun biya kuɗi suka zauna a gida. Ni a yanzu na fi karkata ga cewa Soto ne kaɗai ya ci riba, tunda ƙin karɓar miliyan 440 ya ƙara masa miliyan 325 a kan shekaru 15 ɗin nan dai.

Injiniya_Maradi: Ya fi haka ma, Baban Amira, domin tayin Washington ya haɗa da shekarun da yake ƙarƙashin ikonsu, shi kuwa ya karɓi albashin 2023 da na 2024 daban kafin na Mets ya fara. Amma caca ya yi, da ya ji mummunan rauni a tsakanin shekarun nan biyu da labarin ba haka yake ba.

Hajiya_Nats: Ni dai zan jira in ga abin da sababbin shugabanninmu za su yi da yaran nan, domin su ma shekarunsu suna tafiya, kuma ina jin tsoron kafin ɗana ya saba da sababbin sunaye a sake cewa lokaci ya yi da za a musanya su da wasu yaran. Rigar Wood ya ce in saya masa, na ce ya bari tukuna a buɗe sansanin atisaye a Florida a watan Fabrairu mu ga waɗanda suka rage.

Ɗan_Zango_Bronx: Hajiya, ki saya masa wadda babu suna a baya, irin tamu ta Yankees.